Bin Bayan Wuta

Mahaifinmu ya yi yaƙin ƙasar Bama a zamanin yaƙin duniya na biyu, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda akwai wata hanyar yaƙi ba sai wadda Turawan Ingila suka koya masa. Saje ake kiransa a garinmu, wani ɗan gari tsakanin Malumfashi da Gozaki, ko da yake tun ina ƙarami ya ajiye kaki ya kama garma. Mu biyu ya haifa maza, ni da ƙanena. Da yaƙin basasa ya ɓarke aka shiga ɗibar samari, ƙanena ya ce zai tafi. Ni ina da mata da 'ya'ya biyu, ga gona, saboda haka ba a ma yi zancena ba. Baba bai hana shi ba. Cewa ya yi zai koya masa abin da zai dawo da shi gida da ransa, mu kuma duk gidan muka sa rai a kan wannan magana.

Akwai wani tsohon soja na biyu a garin, mutumin wajen Maraɗi. Shi sojan Faransa ya yi. Fataucin kanwa ya kawo shi, ya ga ƙasa mai albarka, ya yi aure ya zauna. Baba ya laƙaba masa Mushe, wai don haka ake kiran manya a ƙasarsu. Yakan ce, "Mutanen da ke ce wa babbansu mushe, me za su sani a duniya?" Sunan ya bi shi har matarsa ma da shi take kiransa in ya ɓata mata rai. Kullum bayan la'asar su biyun suna gindin tsamiyar ƙofar maƙera suna cacar baki, kuma zancen ɗaya ne shekara da shekaru: su wa suka iya yaƙi. Da can nishaɗi ne kawai, mutane su taru su sha dariya su watse. Da aka fara ɗibar yara sai sauraron ya canza, iyaye suka riƙa matsowa kusa.

Baba yakan ce yaƙi gayya ne. A gayya akwai makaɗi, akwai masu huɗa, akwai mata masu kawo fura, kuma in ɗaya ya makara aikin ya lalace. Haka Ingila suke yi, in ji shi. Jirgin sama ya fara zuwa ya zuba nasa. Igwa ta karɓa. Akwai mai oba-oba, wato rediyon soja, da ke gaya wa masu igwa inda harsashinsu yake sauka, akwai hafsa riƙe da agogo da usur. Sai duk waɗannan sun yi nasu sannan a ce wa mai bindiga ya tashi. Ya ce ya ga an wargaza igwa gunduwa-gunduwa an ɗora wa mutane a ka, sun hau dutse da ita kwana da kwanaki, don kawai kada a tura soja gaba babu ita a bayansa.

Mushe yakan bari ya gama sannan ya tofar da goro. "Mu Faransi ba su da wanga haƙuri," yakan ce. "Hafsa shina gaba, a busa, a sa banati a bakin bindiga, a ruga. Wanda ya kai ya kai." Amma shi ba yabon Faransa yake ba. Ya ce an kai su wata ƙasa mai nisa inda ake noman shinkafa, mutanenta ƙanana, ba jirgi, ba mota, kuma su suka kore su. "Rami suka sani. Ka zuba musu wuta tun sahe hay yamma, ka tahi ka duba, ba kowa. Ka juya, suna bayanka. Ni wurinsu na koyi nawa, Saje. In ka ji ƙara, ka manne ma ƙasa."

"Kun ji ko?" in ji Baba. "Wurin gafiya ya koyi yaƙi."

Aka fashe da dariya, kuma ba wanda ya kai ni ƙyaƙyatawa. Na tuna Mushe bai yi fushi ba. Ya ce, "Saje, yaƙinka na masu abu ne. In babu abun hwa?" Baba ya ce ba a fita yaƙi babu abun, wannan zancen 'yan kanwa ne.

Abin da Baba ya fi so ƙanena ya riƙe shi ne abin da yake kira bin bayan wuta. Ga yadda ya bayyana mana. In igwarku tana dukan abokan gaba, kowannensu ya cusa kai a rami, ba mai iya ɗagowa ya yi harbi. Masu igwa sukan riƙa matsar da wutar gaba kaɗan-kaɗan bisa agogo. Wanda ya ji tsoro ya kwanta yana jira a yi shiru, to kafin ya iso mutanen can sun ɗago sun gyara bindigoginsu, shi ke nan an gama da shi. Wanda kuwa ya tashi ya bi wutar dab da dab, yana isa ya same su kai a ƙasa. Ya ce da idonsa ya ga haka, waɗanda suka daure suka matsa su suka dawo gida, masu kwanciya suna can an binne su a ƙasar da ba su san sunanta ba. Saboda haka doka ɗaya ce: in ka ji igwa, ka tashi.

Baba ba mutumin da zai tsaya a baki ba ne. Lokacin bazara ce, ana sharar gona. Muna da wata saura a bayan gari da ciyawa ta cika ta bushe ƙarau. Nan ya kai mu. Ya ba ƙanena sandar kiwo a madadin bindiga, ni kuma ya ba ni ashana da tsohuwar garwar kananzir. Ni ne igwa. Aikina in duba iska, in tabbatar tana bayanmu, in kunna ciyawar a jere, sannan in riƙa dukan garwa da iyakar ƙarfina. Ƙanena ya riƙe sanda a ƙirji ya bi bayan wutar, ba gudu, tafiya, yana ƙirga takunsa da ƙarfi. Baba yana gefe da hularsa ta soja da asu ya cinye.

"Matsa! Matsa kusa, ɗan nema! In ba ka ji zafinta a goshinka ba ka yi nisa!"

Mun yi wannan ya fi sau goma, yanki-yanki, har saurar ta ƙare muka roƙi ta maƙwabci. Girar yaron ta babbake, tafin ƙafarsa ya yi bororo. Inna ta yi ta mita tana shafa masa man shanu, tana cewa tun ba a kai shi ba za mu gasa mata ɗa. Amma ya iya. Wallahi ya iya. Har ya kai in na buga garwa ba zato yana cin tuwo, sai ka ga ya zabura ya miƙe, mu yi ta dariya. Ba na ɓoyewa, alfahari nake yi da shi a lokacin, kuma ina jin ni ma da hannuna a cikin abin da zai tsare shi.

Yana da wani aboki, Bamaguje daga unguwar da ke hayin rafi, wanda shi ma ya ba da sunansa. Sau ɗaya ya zo wurinmu, ya ga wuta, bai sake dawowa ba. Wurin Mushe ya koma. Wata rana na wuce na gan shi kwance rub da ciki a bayan gidan tsohon, yana tonon ƙasa da fartanya ba tare da ya ɗaga kai ba. Na ce masa sannu da aiki, in ya gama kabarin ya aiko mu zo jana'iza.

Ana saura kwana biyu su tafi Mushe ya tare ni a hanyar gona. Ya ce, "Kai ne babba, kuma shina jin maganarka. Ka hwaɗa ma ƙanenka, kahin ya tashi ya duba igwar ta wa ce." Zuciya ta ɗebe ni. Ina ganin hassada ce kawai, don samari sun fi taruwa wurin Baba. Na ce masa ya je ya ji da kanwarsa, mu a gidanmu ba a gaji kwanciya ba. Dattijo ne sa'an ubana, amma haka na faɗa masa, na wuce na bar shi tsaye. Saƙon nasa kuma ban isar ba.

Mun raka su Funtuwa a motar kaya, daga can aka wuce da su. Baba bai yi wa ƙanena doguwar nasiha ba. Ya gyara masa tsayuwa, ya daki kafaɗarsa, ya ce, "Ka san abin yi." Ba a daɗe ba wasiƙarsa ta zo, ni na karanta. Ya ce an gama koya musu, an ba su bindiga, za a yi kudu da su. Baba ya sa na sake karantawa. Ya ƙirga makonnin da yatsa. Su a zamaninsu sai da suka yi watanni suna fareti kafin a bar su su taɓa harsashi. Can ya ce, "To, gara da na koya masa a gida."

Damina ta yi kyau a shekarar, abin haushi. Dawa ta yi, auduga ta yi. Muna cikin yankan dawa ɗan aiken dagaci ya zo da takardar mutuwar ƙanena. Ba sai na faɗi abin da Inna ta yi ba. Baba kuwa tambaya ɗaya ya yi wa ɗan aiken, wai gaba ya faɗi ko baya. Mutumin ya ce shi takarda aka ba shi. Baba ya yi zaman makoki a miƙe kamar yana gadi, yana amsa gaisuwa, yana cewa kwana ne ya ƙare, kuma shi ya san ɗansa bai mutu a kwance ba. Abin mamaki, mutuwar ƙara masa daraja ta yi. Ba a daina ɗibar samari ba, kuma yanzu duk wanda zai tafi sai ubansa ya kawo shi wurin Saje. A lokacin ɗan maƙerin garinmu ne yake koya wa, saurayi mai ƙirar ƙarfi, shi kaɗai ne namiji a wurin ubansa.

Ana tsakiyar tsinkar auduga aka ce Bamagujen nan ya dawo. Na tafi hayin rafi na same shi a ƙofar gidansu, hannun hagu a rataye, kunne ɗaya ya daina ji. Yana ganina ya fara kame-kame. Na ce ba gaisuwa ta kawo ni ba, da ƙanena ya mutu yana wurin ko ba ya wurin? Ya ce yana wurin.

Ya ce da safe ne, an sa su bin wata hanya a cikin itatuwan kwakwar manja. Suna cikin tafiya sai harsashin igwa ya fara sauka can gabansu. Kofur ya yi ihu a kwanta, kowa ya faɗa lambatu. Ƙanena yana kusa da shi. Ya ce ya ga fuskar ƙanena ta washe, ya ji yana cewa, "Ga tamu ta fara." Ya miƙe, ya riƙe bindiga a ƙirji, ya hau hanya. Ba gudu yake ba, tafiya yake, yana ƙirga taku da ƙarfi. Suna ta kiransa, shi kuma yana yafuto su da hannu, yana ce musu su taso kada su makara.

"Yaya," in ji Bamagujen, "ba mu da igwa ran nan. Ko ɗaya. Tamu tana can baya ta kafe a laka tun shekaranjiya. Wutar tasu ce. Kuma ba gaba take tafiya ba, wajenmu take zuwa."

Ban san yadda na haye rafin na dawo ba. Abu ɗaya ne yake ta juyawa a kaina: sau goma da wani abu na kunna wa yaron nan wuta, kuma ko sau ɗaya ban kunna ta daga gabansa ba. Kullum sai na duba iska. Bai taɓa ganin wutar da ke zuwa wajensa ba, don ni ban taɓa nuna masa ba. Ga kuma saƙon dattijon da na haɗiye. Na ji na tsani kaina, na tsani Baba, na tsani Turawan da suka koya masa suka tattara igwoginsu suka koma ƙasarsu.

Da a ce ina da hankali, da na sami Baba a ɗaki mu biyu. Amma ni ba a san ni da wannan ba. Kai tsaye na nufi gindin tsamiya. Na tarar yana zana layi a ƙasa da sanda, ɗan maƙeri yana tsugune gabansa, mutane sun kewaye su. A gaban kowa na zazzage masa duk abin da na ji. Na ƙara da cewa shi ya kashe ƙanena, ni na taya shi, kuma ga na biyu nan yana shiryawa.

Baba ya miƙe. Ya ce ƙarya ne. Ya ce ba gwamnatin da za ta tura yara fili babu igwa a bayansu, ba a yi ba, ba a taɓa yi ba. Ya ce na je na kwaso zancen matsoracin da ya kwanta a lambatu, wanda ya dawo yana neman abin da zai rufe kunyarsa. Kowa ya juya wajen Mushe, ana jira ya ce ai ya faɗa. Sai kawai ya naɗe buzunsa ya tafi, kuma daga ranar bai sake zama a gindin tsamiyar ba.

Duk da ihun da Baba ya yi, darasi ya tsaya. Ɗan maƙeri ya zo sau biyu aka ce masa Saje ba ya jin daɗi. Inna ta kai tuwo, ta dawo da shi yadda yake. Kwana huɗu, kwana biyar, sai ruwa. Mutum ne da ban taɓa ganin bayansa ya lanƙwasa ba, amma a makon nan ya koma tsoho tukuf. Inna ta daina yi mini magana. Da ta yi, cewa ta yi ta binne ɗa ba ta ga gawarsa ba, yanzu kuma ina so in sa ta takaba.

Ran na shida da hantsi ina gonar auduga sai na ga Baba tafe yana dogara sanda. Ya tsaya a kunyar da nake, ya tsinki ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, ya riƙe. Bai kalle ni ba. Muryarsa ma da ƙyar na gane ta.

"Babba," haka yake kirana, "da gaske ba su da ita? Ko ɗaya?"

Na dube shi. Na san gaskiya, na san akwai ɗan mutane da ke jiran amsar nan ko da bai sani ba. Amma ubana ne a gabana, leɓensa ya bushe, yana riƙe da auduga kamar yaron da aka aika ya manta saƙo. Na ji bakina yana cewa na koma na sake tambaya, yaron ya ruɗe ne, kunnensa ne ya taɓu. Na ce akwai igwa, ta sojojinmu ce, harsashi ɗaya ne ya gaza ya faɗo kusa.

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo. "Yakan faru," in ji shi. "Ko a Bama yakan faru. Wannan kwana ne." Ran nan ya ci tuwo malmala biyu. Da la'asar ya fita gindin tsamiya ya sanar da jama'a cewa babban ɗansa ya je ya bincika, ya dawo ya ba shi haƙuri. Ya aika a kira ɗan maƙeri.

Na gaya wa kaina ba komai, zan gyara ta bayan fage. Na yi ta neman yaron shi kaɗai, kullum ko yana maƙera da ubansa ko yana tare da Baba. Sai ranar tafiyarsu na same shi a tashar Malumfashi, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan tayar mota. Na ja shi gefe. Na ce masa don Allah, don darajar iyayensa, ya manta da abin da aka koya masa. In ya ji ƙara ya kwanta, ya tona ƙasa ko da farce ne. Na ce abin da na faɗa da farko shi ne gaskiya.

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa mai makoki. Ya ce, "Haba Yaya. Ai kai da bakinka ka gaya wa Saje akwai igwa. Na san zafin rashin ne bai sake ka ba. Allah ya ba ka haƙuri."

Ya daka tsalle ya hau, kwandasta ya buga jikin mota. Maƙerin bai sake ganin ɗansa ba. Wasu daga cikin waɗanda suka tafi tare sun dawo bayan an gama, na zauna da su, mun ci abinci kwano ɗaya, amma har yau ban tambayi kowa yadda aka yi ba.